Ɗaukewar jinin al'ada: Yadda likitoci ke auna maganin homon

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce akasarin mata suna daina ganin jinin al'ada ne tsakanin shekara 45 zuwa 55 da haihuwa. Likitoci kan tabbatar da cewa al'adar ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 cur a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba ta shayarwa, kuma ba ta shan wani magani da ke tsayar da jinin.

A Najeriya, wani bincike da Farfesa Friday Okonofua da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 1990 ya nuna cewa a tsakanin matan da aka bincika a kudu maso yammacin ƙasar, matsakaicin lokacin ɗaukewar al'ada shi ne shekara 48 da 'yan watanni. A Turai kuwa matsakaicin ya kai shekara 51.

Mata da dama kan wuce wannan mataki ba tare da sun nemi likita ba. Wasu ma maraba suke yi da shi, tunda sun huta da ramuwar azumi da kuma fargabar ɗaukar ciki a shekarun girma. To amma akwai waɗanda ke jigata ƙwarai: zafi ya taso musu farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa su cikin dare, barci ya gagara, gaɓoɓi su yi ta ciwo, saurin fushi da mantuwa su ƙaru, kwanciyar aure ta koma azaba saboda bushewar gaba.

A masarautar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, mace mai shekara 50 ba ta ajiye aiki ba. Tana gona, tana kasuwa, tana aji ko ɗakin jinya, ga kuma riƙon jikoki. Idan ta shafe shekaru ba ta samun barcin kirki, gidan gaba ɗaya ne ke ji a jika.

Ga irin waɗannan mata ne aka tanadi maganin da likitoci ke kira HRT a taƙaice, wato mayar wa jiki wani ɓangare na sinadaran homon da ya daina samarwa. Alƙaluman gwaje-gwaje da dama da aka haɗa wuri guda sun nuna cewa yana rage yawan tasowar zafin da kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma babu wani magani da ya kai shi a wannan fanni. Sai dai amfaninsa da haɗarinsa duka sun dogara ne a kan adadin da aka bayar, da hanyar da aka shigar da shi jiki, da kuma shekarun mai amfani da shi.

Zazzaɓi ne ko ɗaukewar al'ada?

Kafin a kai ga batun awon magani, sai an fara tabbatar da abin da ke damun mace. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, duk wani zafin jiki da zufa shi ake fara zargi, daga nan sai taifot. Mace za ta iya shan maganin zazzaɓi sau da dama a shekara ba tare da kowa ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada ba.

Bambancin shi ne zafin ɗaukewar al'ada yakan zo ne ya wuce cikin 'yan mintoci, kuma ma'aunin zafi ba ya nuna zazzaɓi. Haka kuma ana iya yin kuskure ta ɗaya ɓangaren. Zufar dare da ta haɗu da tari mai tsawo da rama tana bukatar gwajin tarin fuka. Matsalar maƙoƙo ma tana sa zufa da bugawar ƙirji.

Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce macen da ta haura shekara 45, wadda al'adarta ta rikice ko ta tsaya, kuma tana da waɗannan alamomi, ba ta bukatar gwajin jini kafin a tabbatar da halin da take ciki. Bayaninta ya wadatar. Wannan labari ne mai daɗi ga mazauna garuruwan da ba su da manyan ɗakunan gwaji. Ana neman gwajin ne idan shekarun mace ba su kai haka ba.

Dangane da tsawon lokacin da alamomin ke ɗauka, wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2015, ya gano cewa rabin matan da ke yawan fama da zafin sun yi fiye da shekara bakwai suna fama da shi. A tsakanin baƙaƙen fata na ƙasar kuwa lokacin ya kai shekara goma.

Sinadarai biyu

Ma'ajiyar ƙwan haihuwa ta mace tana samar da manyan sinadarai biyu, istirojin da furojestaron. Ƙarancin istirojin ne ke haddasa zafi da zufa da bushewar gaba da zaizayewar ƙashi, saboda haka shi ne ainihin maganin.

Matsalar ita ce istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri. Idan aka bar shi shi kaɗai na tsawon lokaci, kaurin na iya rikiɗewa ya zama sankarar mahaifa. Likitocin Amurka sun gano haka ne a 1975, bayan an shafe shekaru ana bai wa mata istirojin zalla. Tun daga lokacin aka kafa ƙa'idar da har yau ba ta sauya ba: duk macen da ke da mahaifa, dole a haɗa mata da furojestaron ko wani danginsa. Wadda aka cire wa mahaifa ce kaɗai ake bai wa istirojin zalla.

Adadin istirojin

Nau'in da aka fi amfani da shi a yanzu shi ne estiradiyol, wanda ƙirarsa ɗaya ce da wanda jikin mace ke samarwa. Ana harhaɗa shi ne a masana'anta daga wasu sinadarai da ake tatsowa daga waken suya da wata irin doyar daji. Wannan ba ya nufin cin doya zai samar da shi, domin jikin ɗan Adam ba ya iya yin wannan juyi da kansa.

Idan ƙwaya ce ta haɗiya, Ƙungiyar Masana Ɗaukewar Al'ada ta Birtaniya ta kasa adadin kamar haka: rabin miligiram a rana shi ne mafi ƙanƙanta, miligiram 1 ƙaramin adadi ne, miligiram 2 kuma shi ne matsakaici. Abin da ya haura haka ba kasafai ake bayarwa ba. Progynova na daga cikin sunayen kasuwa na irin wannan ƙwaya.

Akwai kuma tsohon nau'i mai suna Premarin, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1942, kuma ana samo shi ne daga fitsarin goɗiya mai ciki. Awonsa daban ne: miligiram 0.3 ƙarami, 0.625 matsakaici, 1.25 babba. Saboda haka bai kamata a kwatanta lambar da ke jikin wani kwali da ta wani kwalin ba. Miligiram 0.625 na Premarin bai fi miligiram 1 na estiradiyol rauni ba, ko da yake lambarsa ta fi ƙanƙanta. Macen da ba ta son asalin wannan magani tana iya neman likita ya rubuta mata estiradiyol.

Hanya ta biyu ita ce ta fata. Akwai filasta da ake mannawa a ƙasan cibiya, ko ɗuwawu, ko cinya, amma ba a kan mama ba. Ana auna ta da maikurogiram ɗin da take saki cikin sa'a 24: 25 ƙarami, 50 matsakaici, 75 da 100 kuma manya. Wasu, irin su Evorel, ana sauya su sau biyu a mako, wasu kuma sau ɗaya. Sannan akwai man shafawa, irin su Oestrogel, wanda kowace matsa ɗaya ke fitar da miligiram 0.75. Matsa ɗaya ƙaramin adadi ne, biyu kuma matsakaici. A bisa kiyasi, ƙwayar miligiram 2, da filasta mai lamba 50, da matsa biyu na man shafawa duk aji ɗaya suke, ko da yake fatar wata ta fi ta wata jan magani.

Zaɓi tsakanin haɗiya da fata ba batun sha'awa ba ne kawai. Ƙwayar da aka haɗiya tana fara bi ne ta hanta, inda take ƙara yawan sinadaran da ke daskarar da jini. Wannan kan ninka haɗarin samun gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu kusan sau biyu, ko da yake haɗarin tun asali ƙarami ne ga mace mai ƙoshin lafiya da ba ta kai shekara 60 ba. Maganin da ya shiga ta fata kuwa yana zarcewa cikin jini kai-tsaye, kuma bincike bai nuna ƙarin wannan haɗari ba muddin adadin bai wuce matsakaici ba. Shi ya sa likitoci suka fi zaɓar hanyar fata ga mai ƙiba sosai, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ciwon ɓarin kai, da kuma wadda ke da wani dalilin da ke sa jini saurin daskarewa.

Sai dai hanyar fata tana da nata ƙalubalen a ƙasa mai zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta a jihar Kebbi, zufa na iya ɓanɓare filasta, musamman ga mai aikin gona ko mai girki a murhu. Ana manna ta ne a busasshiyar fata da ba a shafa wa mai ko hoda ba, a danne da tafin hannu na ɗan lokaci, sannan a riƙa sauya wuri. Man shafawa kuma yana bukatar ya bushe, kuma kada ruwa ya taɓa wurin har sai an ɗauki kamar sa'a guda. Ga mai alwala sau biyar a rana, cinya ko saman dantse kusa da kafaɗa sun fi dacewa da ƙasan gwiwar hannu. A wanke hannu bayan shafawa, kada a goga wa yaro. Ajiya ma abin lura ce, domin galibin waɗannan magunguna an rubuta a kwalinsu kada a bar su a zafin da ya wuce digiri 25 ko 30.

Yadda aka saba shi ne a fara da ƙaramin adadi ko matsakaici, a jira wata uku, sannan a duba. Idan zafin bai lafa ba sai a ƙara mataki ɗaya. Idan mama na ciwo, ko ana tashin zuciya da kumburin ciki da ciwon kai, kuma abin bai wuce cikin waɗannan watanni ba, sai a rage ko a sauya hanya. Ba gwajin jini ake bi wajen wannan gyara ba, yadda mace ke ji a jikinta ne ma'auni. Wadda ta fara bayan shekara 60 kuwa, ƙaramin adadi ake ba ta, kuma ta fata.

Kariyar mahaifa

Yadda ake ba da furojestaron ya danganta ne da ko al'adar ta gama ɗaukewa.

Macen da har yanzu take ganin jini jefi-jefi, ko ba ta cika shekara guda da dainawa ba, ana ɗora ta a kan tsarin zagaye: istirojin kullum, furojestaron kuma kwana 12 zuwa 14 a kowane wata. Idan nau'in Utrogestan ne, miligiram 200 ake sha a kowane dare na waɗannan kwanaki. Idan Provera ne, miligiram 10. Bayan an kammala kwanakin, jini kan zo kamar na al'ada.

Wadda ta wuce shekara guda ba ta ga jini ba kuwa, tsarin kullum ake yi mata: sinadaran biyu tare, babu hutu. A nan Utrogestan miligiram 100 ne kowane dare, Provera kuma 2.5 zuwa 5. Manufar ita ce kada a ga jini kwata-kwata, ko da yake ɗigo-ɗigo a watanni shida na farko ba abin mamaki ba ne. Da dare ake shan Utrogestan saboda yana sa barci, abin da masu fama da rashin barci kan ɗauka a matsayin riba. Tunda sau ɗaya ake shan waɗannan ƙwayoyi a yini, azumi ba ya hana a ci gaba da su, sai dai a mayar da lokacin zuwa dare.

Hanya ta uku ita ce robar Mirena da ake sanyawa a cikin mahaifa, wadda mata da yawa suka sani a matsayin hanyar tazarar haihuwa. Tana kare shimfiɗar mahaifa har shekara biyar, tana rage zubar jini mai yawa, kuma tana hana ɗaukar ciki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin maganin HRT shi kansa ba ya hana ciki. Macen da al'adarta ta tsaya kafin shekara 50 ana ba ta shawarar ta ci gaba da kariya har shekara biyu, wadda ta haura 50 kuma shekara guda.

Akwai kuma Livial, ƙwaya ɗaya ta miligiram 2.5 a rana wadda ke aikin sinadaran biyu, amma sai ga wadda ta cika shekara da daina al'ada, kuma ba a son fara ta bayan shekara 60 saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Idan aka ɗaga istirojin zuwa babban adadi, sai an ɗaga furojestaron shi ma. Kuskuren da ya fi kowane haɗari a wannan fage shi ne mace ta ga ƙwayar istirojin ce ke kawo mata sauƙi, ɗayar kuma tana sa ta kasala ko tana cin kuɗi, sai ta ajiye ta. Ba za ta ji komai a jikinta ba a farko, amma ta cire wa mahaifarta kariya.

Mata da dama a arewa sun san Primolut N, wadda ake sha domin jinkirta al'ada lokacin aikin Hajji ko azumi. Dangin furojestaron ce, kuma likita kan iya amfani da ita wajen kare mahaifa. Amma ba ta maye gurbin istirojin. Haka nan ƙwayoyin tazarar haihuwa na yau da kullum suna ɗauke da wani nau'in istirojin mai ƙarfi, wanda ba a ba wa macen da ta kai shekara 50.

Tsarin zagaye kan tayar da tambaya ta addini, tunda jini na dawowa kowane wata. A mazhabar Malikiyya, jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 zuwa 70 ana komawa ne ga masaniyar mata a kansa, bayan 70 kuwa ba a ɗaukarsa haila. Malaman fiƙihu sun kuma yi dogon bayani a kan jinin da magani ya jawo. Hukuncin salla da azumi na malamai ne, amma mai tambaya za ta fi samun amsa daidai idan ta bayyana cewa magani take sha, kuma likita ya gaya mata irin tsarin da take kai.

Bushewar gaba

Wannan ita ce alamar da aka fi jin nauyin faɗa, kuma ba kamar zafin jiki ba, ba ta wucewa da kanta. Takan zo da ƙaiƙayi, da zafi lokacin saduwa, da yawan ciwon mafitsara. Nan ne masu sayar da kayan mata ke samun kasuwa, alhali cusa abubuwan da ba a san haɗinsu ba a wurin da fatarsa ta riga ta yi laushi na iya jawo rauni da ƙwayoyin cuta.

Maganin asibiti shi ne ɗan istirojin kaɗan da ake sanyawa a wurin. Ƙwayar Vagifem, alal misali, maikurogiram 10 ce, ana sanya ɗaya kullum har mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Man Ovestin ma kusan haka tsarinsa yake. Abin da ke shiga jini daga cikinsu ƙalilan ne ƙwarai, don haka ba a bukatar furojestaron, kuma ana iya ci gaba da su shekara da shekaru. Macen da wannan ce kaɗai matsalarta ba ta bukatar ƙwayar haɗiya ko filasta.

Abin da ya faru a 2002

Tsoron da likitoci da mata ke yi wa wannan magani ya samo asali ne daga watan Yulin 2002, lokacin da aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata na Amurka da ake kira WHI. Mata 16,608 ne suka shiga, an bai wa kimanin rabinsu Premarin miligiram 0.625 haɗe da sinadarin Provera miligiram 2.5. Bayan shekara biyar da 'yan watanni, aka ga cewa a cikin kowace mata 10,000 a shekara, an samu ƙarin mata takwas da suka kamu da sankarar mama, takwas da shanyewar ɓarin jiki, bakwai kuma da ciwon zuciya. A ɗaya ɓangaren, karayar ƙugu da sankarar hanji sun ragu.

Miliyoyin mata suka watsar da maganin. Daga baya ne aka mai da hankali a kan cewa matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, kuma da yawansu sun daɗe da daina al'ada. Da aka ware 'yan shekara 50 zuwa 59, haɗarin ya yi ƙasa sosai. Kazalika a ɓangaren matan da aka cire wa mahaifa, waɗanda suka sha istirojin zalla, sankarar mama ba ta ƙaru ba.

Matsayin manyan ƙungiyoyin likitoci a yanzu shi ne, ga mace mai lafiya da ke fama da alamomin, wadda ba ta kai shekara 60 ba ko ba ta wuce shekara goma da daina al'ada ba, amfanin ya rinjayi haɗarin. A watan Nuwamban 2025 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da shirin cire babban gargaɗin da aka liƙa wa waɗannan magunguna game da ciwon zuciya da sankarar mama, amma ta bar gargaɗin sankarar mahaifa a kan istirojin zalla.

Wannan ba ya nufin haɗarin ya gushe. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya kiyasta cewa idan mata suka fara a shekara 50 suka yi shekara biyar suna sha, za a samu ƙarin mace guda mai sankarar mama cikin kowace 50 a tsarin kullum, guda cikin 70 a tsarin zagaye, guda kuma cikin 200 a istirojin zalla, idan aka bi su har shekara 20. Daga ƙasashen da ake gano cutar da wuri aka tattaro alƙaluman. A Najeriya, inda sankarar mama ce kan gaba a tsakanin mata, kuma akasari ba a zuwa asibiti sai ta yi nisa, duba mama kafin farawa da kuma bayan an fara ba abin wasa ba ne.

Waɗanda bai dace da su ba

Ba a bai wa macen da ke da sankarar mama ko ta taɓa yi, ko mai sankarar mahaifa, ko wadda ta yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wadda ta taɓa samun gudan jini a jijiya sai da shawarar ƙwararre. Ba a bai wa mai ciwon hanta da bai lafa ba, kuma wannan ya shafi mutane da yawa, tunda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Hawan jini ba ya hanawa, amma sai an shawo kansa tukuna. Mai ƙarin mahaifa na iya amfani da shi bisa sa ido, domin ƙarin kan iya girma. Wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya kuma suna rage ƙarfin ƙwayar haɗiya, don haka dole likita ya san duk abin da mace ke sha, har da na gargajiya.

Mafi muhimmanci shi ne jinin da ba a san dalilinsa ba. Duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ko wanda ke biyo bayan saduwa, sai an bincika shi kafin a yi maganar homon. Sankarar bakin mahaifa ce ta biyu a tsakanin matan Najeriya, inda aka kiyasta sababbin kamu kimanin 12,000 a 2020, kuma da irin wannan jini take fara bayyana. A jihar Kebbi, Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamnan jihar, ta shafe shekaru tana gangamin jan hankalin mata zuwa gwajin wannan cuta da ta mama.

Idan al'ada ta ɗauke da wuri

Lissafin ya sha bamban ga macen da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, ko aka cire mata ma'ajiyar ƙwai a tiyata. Ita jikinta ya rasa sinadarin da ya kamata ya ci gaba da samu na tsawon shekaru, kuma rashinsa na raunana ƙashi da zuciya. Ana ba ta maganin ne ko da alamomin ba su dame ta ba, sau da yawa a matsakaici ko babban adadi, har ta kai kimanin shekara 51.

Cire mahaifa kaɗai, kamar yadda akan yi domin ceton rai idan mahaifa ta fashe a doguwar naƙuda, yana tsayar da jini amma ba ya tsayar da homon, muddin an bar ma'ajiyar ƙwai. Ita kuwa macen da ta zubar da jini mai yawa a haihuwa, sannan ruwan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, ga kasala mai tsanani, wata cuta ce daban da ta shafi wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma istirojin kaɗai ba ya maganinta.

Bibiya, da kuma inda za a nufa

Bayan ganin likita a wata na uku, ana komawa ne sau ɗaya a shekara, a auna hawan jini da nauyi, a duba mama, a tattauna ko za a ci gaba. Babu wata shekara da aka yanke cewa dole a daina. Idan za a daina, ana iya tsayawa kai-tsaye ko a riƙa ragewa a hankali. Ragewar kan sassauta dawowar zafin a farko, amma ba ta sauya abin da zai faru daga baya. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko raunin ɓarin jiki, ko idanu su yi rawaya, duka dalilai ne na ajiye maganin nan take a tafi asibiti. Mai shirin tiyata ko doguwar tafiya a jirgi, kamar ta Hajji, ta sanar da likitanta tun da wuri.

Ga mazauna Zuru da Mahuta da Ribah da Dirin Daji, matakin farko shi ne babban asibitin Zuru ko na ƙaramar hukuma. Abin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda aka fi sani da tsohon sunansa FMC, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafiya ce ta sa'o'i, ga kuma matsalar tsaro da ta addabi sassan Danko-Wasagu da Sakaba a 'yan shekarun nan. Don haka yana da kyau a tambayi likita tun farko wane ɓangare na bibiyar za a iya yi a kusa da gida.

Akasarin waɗannan magunguna daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma tsadarsu ta bi faɗuwar darajar naira tun daga 2023. Filasta da man shafawa sun fi ƙwaya wuyar samu a wajen manyan birane. Zaɓar nau'in da za a iya samu kowane wata ya fi fara wanda zai yanke bayan kwali biyu. Magunguna ne da doka ta ce sai da takardar likita, ba na ƙananan kemis ba ne, kuma a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali.

Waɗanda homon bai dace da su ba suna da wasu hanyoyin. Wasu magungunan damuwa, a ƙaramin adadi, suna rage zafin, kuma a 2013 Amurka ta amince da guda daga cikinsu domin wannan aiki. A 2023 kuma ta amince da Veozah, ƙwayar miligiram 45 a rana da ke aiki a kan cibiyar daidaita zafi ta ƙwaƙwalwa, sai dai a ƙarshen 2024 an ƙara mata babban gargaɗi kan illa ga hanta, kuma tana bukatar gwajin hanta akai-akai. Awara da sauran abincin waken suya suna ɗauke da sinadarai masu kama da istirojin, amma sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kansu ya saɓa wa juna, kuma inda aka ga sauƙi ma bai kai na magani ba.